Labarin Martin Luther

Masu bi na Birnin Kebbi da na Argungu sun san wata tambaya da maƙwabtanmu su kan yi mana. Su kan ce, in Almasihunmu ɗaya ne, don me ran Lahadi waɗansu su kan nufi majami'ar Katolika, waɗansu kuwa ta ECWA ko ta Baftis ko ta Anglikan? Da yawa cikinmu mu kan yi shiru, ko kuwa mu ba da amsar da ba ta ƙosar da kowa ba. Asalin maganar yana cikin labarin wani mutumin Jamus, sunansa Martin Luther.

Domin mu gane daɗewar abin, sai mu auna shi da tarihin ƙasarmu. Wajen shekara ta 1516 ko 1517 ne Kanta ya ɓata da Askiya Muhammadu na Songhai a kan rabon ganima, ya ɓalle, Kabi ta tsaya da ƙafarta, Surame ta zama babban birninta. A daidai wannan lokaci ne, can ƙetaren hamada da teku, wani malamin Littafi Mai Tsarki ya soma jayayya da manyan Ekklisiyarsa. Ba wanda ya ji labarin ɗan'uwansa a cikinsu. Surame ta zama kufai tun da daɗewa, amma jayayyar malamin nan tana tare da mu har wa yau.

Ɗan mai haƙar tagulla

An haifi Martin ran 10 ga Nuwamba 1483 a garin Eisleben. Ubansa, Hans, ɗan manomi ne, amma ya bar gona ya shiga aikin haƙar tagulla a Mansfeld, har ya sami abin hannu. Burinsa shi ne ɗansa ya zama lauya. Saboda haka ya aike shi jami'ar Erfurt a 1501, yaron kuwa ya yi ƙoƙari, ya gama a 1505, ya soma karatun shari'a.

Ran 2 ga Yuli na shekaran nan, yana komowa daga ganin gida, sai hadari ya tare shi kusa da ƙauyen Stotternheim, aradu ta faɗi dab da shi. Cikin firgita ya kira Hannatu mai tsarki, wadda a ke ɗauka ita ce uwar Maryamu, ya yi wa'adi cewa in ya tsira zai zama ɗan zuhudu. Mu lura da wanda ya kira. Bai kira Yesu ba, gama a lokacin nan yana ganin Yesu alƙali ne mai tsanani, wanda sai an nemi mai roƙo kafin a kusance shi. Bayan kwana 15 ya shiga gidan 'yan zuhudu na ƙungiyar Agustin, wato gidan da maza su kan rabu da aure da dukiya, su zauna ƙarƙashin doka domin addu'a. Ran ubansa ya ɓaci ƙwarai.

Luther bai yi wasa da zuhudunsa ba. Ya yi ta azumi, ya yi ta kwana bisa addu'a cikin sanyi, ya kan daɗe yana furta zunubansa har mai sauraronsa ya gaji. A 1507 aka keɓe shi ya zama firist. Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya zama kamar manomin da bashi ya yi wa katutu: kowace kaka ya kai buhunan shinkafa, in ya tambaya sai a ce masa da saura. Abin da ya ke nema ya sani shi ne, yaya mai zunubi zai tabbata Allah ya karɓe shi?

Shugabansa, Johann von Staupitz, mutum ne mai hankali, kuma ya kamata mu tuna shi ɗan Katolika ne har mutuwarsa. Shi ne ya riƙa ce wa Luther ya bar duban zunubinsa ya dubi raunukan Almasihu. Shi ne kuma ya tilasta masa ya ci gaba da karatu, har a 1512 ya zama malamin Littafi Mai Tsarki a sabuwar jami'ar Wittenberg. Nan ya koyar da Zabura, da Romawa, da Galatiyawa, da Ibraniyawa.

Cikin wannan koyarwa ne haske ya zo masa, a kan Romawa 1:17. Ya daɗe yana ƙin maganar adalcin Allah da ke cikin ayan nan, domin yana tsammani ma'auni ne wanda Allah zai auna mutum da shi ya hukunta shi. A hankali ya gane adalcin nan kyauta ne, wanda Allah ya ke ba mai zunubi sabili da Almasihu, mutum kuwa ya karɓe shi ta wurin bangaskiya. Wato bashin nan da ya hana shi barci, Wani ya riga ya biya. Ayyukan kirki suna nan, amma 'ya'yan itace ne, ba su ne saiwa ba.

Takardun sassauci

Da maganar ta tsaya cikin ɗakin karatu, da watakila ba mu ji sunansa ba. Kuɗi ne ya fito da ita waje.

Ekklisiyar Roma tana koyar da cewa, ko bayan an gafarta zunubi, akwai sauran horon da mutum zai sha, ko a duniya ko a wani wurin tsarkakewa bayan mutuwa, wanda a ke kira Furgatori. Tana koyar kuma cewa Paparoma yana da ikon sassauta horon nan. A zamanin Luther a kan ba da takardar sassauci ga wanda ya ba da kuɗi. Paparoma Leo na Goma yana bukatar kuɗin ginin majami'ar Bitrus a Roma. Wani saurayi kuma, Albrecht, ya ci bashi mai yawa daga attajiran gidan Fugger domin a naɗa shi babban bishop na Mainz, alhali yana riƙe da waɗansu kujeru biyu. Aka shirya a sayar da takardun a ƙasarsa, rabin kuɗin ya tafi Roma, rabi a biya bashin. Talakawan da ke saye ba su san da wannan shiri ba. Luther ma bai san dukan zurfinsa ba a lokacin.

Wanda aka ba aikin wa'azin takardun shi ne Johann Tetzel, na ƙungiyar Dominikan. Gwanin baki ne. Ya kan sa mutane su ji kamar iyayensu da suka mutu suna kuka suna jiran kuɗin da zai fishe su. Sarkin Saxony, Frederick, ya hana shi shiga ƙasarsa, amma mutanen Wittenberg suka riƙa ƙetare iyaka su sayo, su komo su nuna wa Luther takarda a maimakon tuba.

Ran 31 ga Oktoba 1517 Luther ya aika wa Albrecht wasiƙa, tare da batutuwa 95 da ya rubuta da Latin domin malamai su yi muhawara a kansu. Labarin da aka saba bayarwa shi ne ya manna su kuma a ƙofar majami'ar fada ta Wittenberg, inda a kan manna sanarwar jami'a. Batu na fari ya nuna cewa tuban da Yesu ya ke nema abu ne na dukan kwanakin ran mai bi. Wani batun ya nuna ba matalauci sadaka ya fi sayen takarda. Ba inda ya ce a bar Ekklisiya, har ma ya ɗauka in Paparoma ya ji abin da a ke yi da sunansa zai hana. Amma na'urar buga littattafai, wadda Gutenberg ya ƙago wajen 1450, ta riga ta bazu a Jamus. Aka juya batutuwan da Jamusanci, aka buga, cikin 'yan watanni sun gama ƙasar.

A nan ne, a ganinmu, manyan Roma suka yi babban kuskure. Mutum ya zo da tambaya a kan ceton rai, su kuwa suka amsa masa da maganar iko. A 1518 Kadinal Cajetan, shi ma ɗan Dominikan, ya kira shi Augsburg ya umurce shi ya janye. A 1519, a muhawarar Leipzig, Johann Eck ya matsa masa har ya furta cewa Paparoma da manyan majalisun Ekklisiya suna iya yin kuskure, Littafi Mai Tsarki kaɗai ne ba ya kuskure. Ya kuma yarda akwai gaskiya cikin koyarwar Jan Hus, wanda aka ƙone da wuta a 1415. Tetzel kuwa, wanda kowa ya juya wa baya, ya mutu a Leipzig a shekaran nan. Kafin ya mutu Luther ya rubuta masa wasiƙar ta'aziyya, ya gaya masa kada ya ɗora wa kansa laifin rikicin duka.

A Yuni 1520 Paparoma ya ba Luther kwana 60 ya janye. Ran 10 ga Disamba Luther ya ƙone takardar a bainar jama'a, ran 3 ga Janairu 1521 kuwa aka fitar da shi daga Ekklisiya. Cikin Afrilu aka kira shi gaban majalisar sarakunan Jamus a birnin Worms, inda babban sarki Charles na Biyar, saurayi mai shekara 21, ya ke zaune. Aka jibge littattafansa bisa tebur, aka tambaye shi ko zai janye. Ya roƙi a ba shi kwana ɗaya. Kashegari, ran 18 ga wata, ya amsa cewa in ba a nuna masa kuskurensa daga Littafi Mai Tsarki ko da hujja bayyananniya ba, ba shi da ikon janyewa, gama Maganar Allah ta ɗaure lamirinsa. Sarki ya zartar da doka cewa kada kowa ya ba shi abinci ko masauki.

Sarki Frederick ya sa mahaya su tare shi a daji kamar 'yan fashi, suka kai shi gidan ganuwa na Wartburg suka ɓoye. Ya tsayar da gemu, ya sake suna. Nan ya juya Sabon Alkawari daga Helenanci zuwa Jamusanci cikin kamar mako 11, aka buga shi a Satumba 1522. Dukan Littafi Mai Tsarki ya fito a 1534, da taimakon abokansa. Akwai waɗansu fassarori kafin tasa, amma masu nauyi ne. Shi kuwa ya kasa kunne ga yadda mata ke magana a gida da yadda a ke ciniki a kasuwa, ya zaɓi kalmomin da mutumin kudu da na arewa za su gane. Wanda ya san bambancin Hausar Kabi da ta Kano ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Irin wannan aiki ne Dokta Walter Miller da abokansa suka yi, har muka sami dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Gidansa da aibinsa

A Yuni 1525 ya auri Katharina von Bora, wadda ta gudo daga gidan mata 'yan zuhudu. Mace ce mai riƙon gida. Ita ce ta riƙe gona da dabbobi da kuɗi, gama maigidan hannunsa a sake ya ke, ga baƙi da almajirai kullum cike da gida. Suka haifi 'ya'ya shida. Biyu suka mutu da ƙuruciya, mutuwar Magdalena a 1542, tana da shekara 13, ta karya masa zuciya ƙwarai. Ya rubuta waƙoƙin sujada domin jama'a duka su raira da harshensu. A 1529 kuma, da ya zaga ƙauyuka ya tarar mutane ba su san ko Addu'ar Ubangiji ba, sai ya rubuta ƙaramin katekism domin iyaye su koya wa 'ya'yansu a gida. A shekaran nan ne waɗansu sarakuna da birane suka miƙa takardar ƙin yarda a majalisar Speyer, daga nan sunan Furotesta ya samo asali.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye zunubin Dauda ba, mu ma ba za mu ɓoye na Luther ba. Sa'ad da talakawa manoma suka yi tawaye a 1524 da 1525, da fari ya tsauta wa sarakuna saboda zaluncinsu, amma da ya ga ana zub da jini sai ya rubuta takarda mai zafi yana iza sarakuna su karkashe 'yan tawayen. Aka hallaka dubban mutane, talakawa da yawa kuwa ba su ƙara amincewa da shi ba. A 1529 ya sadu da Zwingli na Suwizalan a Marburg, suka yarda a kan batu 14 cikin 15, amma suka rabu a kan ma'anar Jibin Ubangiji. Tun daga nan Furotesta ba su zama ɗaya ba. Mafi muni duka, a 1543 ya rubuta mugayen maganganu a kan Yahudawa, har ya ba da shawara a ƙone majami'unsu. 'Yan Nazi suka ɗauki rubutun nan suka yi aiki da shi bayan shekara ɗari huɗu, Ekklisiyoyin Lutheran kuwa sun fito fili sun yi tir da shi.

Roma ta share gidanta

Mu Furotesta mun saba tsayar da labarin a Worms, sai ka ce Ekklisiyar Katolika ta zauna yadda Tetzel ya bar ta. Ba haka ba ne. Tun kafin Luther akwai masu neman gyara a cikinta. A Sifen, Kadinal Ximenes ya gyara zaman 'yan zuhudu, ya kuma sa aka buga Littafi Mai Tsarki da Ibrananci da Helenanci da Latin, aikin ya ƙare a 1517. Amma ɓallewar Jamus ce ta sa manya suka farka. A 1523 Paparoma Adrian na Shida ya aika wa sarakunan Jamus saƙo, ya yarda cutar ta soma ne daga fadar Roma kanta. Bai daɗe ba ya mutu.

Ga wani abin mamaki. Cikin Mayu 1521, watan da aka ɓoye Luther a Wartburg, harsashin igwa ya karya ƙafar wani sojan Sifen, Ignatius na Loyola, a yaƙin Pamplona. Yana kwance yana jinya ya karanta labarin Yesu da na tsarkaka, ya tuba. Shi ma ya sha azabar lamiri irin ta Luther, amma hanyar da ya bi dabam ce: ya ba da kansa ga biyayya ga Ekklisiya. Ya kafa ƙungiyar Jesuwit, Paparoma Bulus na Uku ya amince da ita a 1540. Suka buɗe makarantu ko'ina, abokinsa Francis Xavier ya isa Indiya a 1542, Japan kuma a 1549. A wannan sai mu sunkuyar da kai, gama sun riga Furotesta fita da bishara zuwa al'ummai da shekaru masu yawa.

An yi ƙoƙarin sulhu. A 1541, a Regensburg, Kadinal Contarini da Melanchthon, abokin Luther, suka yarda a kan wata magana game da barata. Luther ya ƙi ta, Roma ma ta ƙi. Sai ran 13 ga Disamba 1545 aka buɗe babbar majalisa a garin Trent. Luther ya daɗe yana kiran a yi majalisa, amma da ta zo ya tsufa, ba ya kuwa sa zuciya gare ta. Bayan kamar mako shida, cikin tsananin sanyi, ya tafi Eisleben domin ya sulhunta sarakunan Mansfeld da ke faɗa da juna. Ya gama sulhun, ya mutu ran 18 ga Fabrairu 1546 a garin da aka haife shi, yana da shekara 62. Aka binne shi a majami'ar fada ta Wittenberg.

Majalisar Trent ta yi ta zama tana tashi har 1563. Wajen koyarwa ba ta bi Luther ba. Ta riƙe al'adar manzanni tare da Littafi, ta riƙe sakramenti bakwai, ta riƙe Furgatori, ta tabbatar da littattafan nan na Tsohon Alkawari waɗanda babu su cikin namu. Ta ce alherin Allah ne ke soma ceto, ba mutum ba, amma dole mutum ya haɗa kai da alherin. Wajen hali kuwa ta gyara da yawa cikin abubuwan da Luther ya yi kuka a kansu. Ta umurci kowane bishop ya zauna cikin garkensa ya yi wa'azi, ta hana tara kujeru a hannun mutum ɗaya, ta sa a kafa makarantar koyar da firistoci. A 1567 Paparoma Pius na Biyar ya soke dukan sassaucin da ke haɗe da kuɗi, shekara 50 bayan wasiƙar Luther. Shi kuwa Pius ɗan Dominikan ne, ƙungiyar Tetzel. Aka sami bishop irin su Carlo Borromeo na Milan, wanda ya tsaya cikin birni yana jinyar mutane sa'ad da annoba ta faɗa a 1576.

Gyaran nan ya zo da sanda kuma. Aka kafa kotun binciken bangaskiya a Roma a 1542, aka fitar da jerin littattafan da aka haramta a 1559. Ɓangarorin biyu sun kashe juna, kowa da sunan Almasihu, yaƙin 1618 zuwa 1648 kuwa ya mai da wurare da yawa na Jamus kufai.

Yadda abin ya iso ƙasar Hausa

A 1622 Roma ta kafa ofishin aika masu bishara. Ƙarƙashinsa ne waɗansu fada biyu na ƙungiyar Faransis, Carlo Maria na Genoa da Severino na Silesia, suka taso daga Tarabulus, suka bi ta Agadas, suka iso Katsina, inda ciwo ya kashe su a 1711. Ba su bar Ekklisiya a baya ba. Sai bayan kusan shekara ɗari biyu 'ya'yan gyaran Luther suka iso: majagaban SIM a 1893, wadda ECWA ta fito daga cikinta a 1954, da Niels Bronnum na Denmak, wanda ya sauka Numan a 1913, inda Ekklisiyar Lutheran ta Nijeriya ta kafu. Ɗan Ekklisiyan nan, Babban Bishop Musa Panti Filibus, shi aka zaɓa shugaban tarayyar Lutheran ta duniya a 2017, shekara 500 bayan batutuwan Wittenberg.

A namu yankin, sa'ad da Roma ta keɓe ƙasar Sakkwato a 1953, 'yan Dominikan na Amurka ta danƙa wa aikin, ɗayansu kuma, Edward Lawton, ya zama bishop na fari a 1964. Majalisar Batikan ta Biyu, daga 1962 zuwa 1965, ta ba da izini a yi sujada da harshen jama'a, shi ya sa maƙwabtanmu Katolika ke yin tasu da Hausa. A 1976 aka kafa CAN, inda mu ke zama tare da su. Ran 31 ga Oktoba 1999 kuwa, a Augsburg, garin da Cajetan ya umurci Luther ya janye, wakilan Katolika da na Lutheran suka sa hannu a takarda ɗaya, suka shaida cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, Allah ya ke karɓarmu, ba domin cancantarmu ba. Maganar ikon Paparoma, da roƙon tsarkaka, da Furgatori tana nan ba a warware ba, har yanzu kuma ba mu cin Jibin Ubangiji tare da su.